Karen da ya kama hannun Nanay Luming

Akwai wani mutum a unguwarmu, nan garin Lipa, sunansa Rodel Macaraig. Ya daɗe yana aikin gini a Katar, ya dawo da kuɗi da tumbi, da wata irin murya wadda ko gaishe ka yake yi sai ka ɗauka umarni ne. Ya gina bene, ya ja katanga ta fi ta kowa tsawo, sannan ya ɗauko mahaifiyarsa, Nanay Luming, wato Inna Luming, daga ƙauye ya ajiye ta a ɗakin baya.

Kada ku ce bai kula da ita ba. Abinci, magani, fanka, talabijin, babu abin da ta rasa. Amma tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki maganarta ta yi nauyi, kalma ɗaya sai ta daɗe tana jan ta, kuma a gidan nan babu mai lokacin jira. Rodel yana kan waya, matarsa Cherlyn tana shago, jikoki kuwa wuce ta suke yi kamar tukunyar fure. Da yamma takan zauna a baranda ita kaɗai tana kallon ƙofa.

Ana nan sai maƙwabcinsa ya sayo wani kare ɗan ƙasar waje, mai dogayen kunnuwa. Rodel ya kasa sukuni. Shi dai komai nasa dole ya fi na maƙwabci girma, ko da ciwon kai ne.

Cherlyn ce ta nuna masa hoton wani ƙaton kare a waya. Baƙi ne, kansa kamar turmi, sunansa Barako. An tsamo shi ne daga bakin tafki lokacin da dutsen Taal ya yi aman wuta, toka ta rufe ƙauyuka. Mai shi wani tsohon masunci ne da ya rasu a sansanin da aka kwashe mutane. Tun daga lokacin karen yake hannun Aling Sioning, wata bazawara da ke riƙon irin waɗannan karnuka a gidanta har su samu mai ɗauka.

Rodel ya je da a-kori-kurarsa. Aling Sioning ta dafa masa gahawa, ta zaunar da shi, ta fara yi masa tambayoyi kamar wanda ya zo neman auren 'yarta. Akwai inuwa a tsakar gidan? Wa zai riƙa ba shi abinci? Akwai tsoho ko tsohuwa a gidan?

Wannan ta ƙarshen ce ta ɓata masa rai. Ya ce shi kare ya zo ɗauka, ba ƙidayar jama'a aka turo shi ba.

Ta yi murmushi ta ce, "Ba haka ba ne, ɗana. Karen yana da wata ɗabi'a da yamma, gara ka san ta tun yanzu."

"Aling, kare kare ne. Na riƙe ma'aikata sun fi ɗari a cikin rana, kare ɗaya ba zai gagare ni ba."

Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata, kuma bai sake ba ta damar magana ba. Abin da kawai ta samu ta faɗa, yana rufe bayan mota, shi ne idan zaman bai yiwu ba ya dawo mata da shi, kada ya kai shi ko'ina.

A gida Barako ya ba shi kunya. Wannan ƙaton da aka ɗauko don ya firgita unguwa ko haushi ba ya yi. Mai kawo ruwa ya shigo, ya kaɗa masa jela. Kaza ta ci daga kwanonsa, ya matsa mata. Rodel ya ɗaure shi da sarƙa a bakin ƙofa, wai ko zai koyi zafin rai.

Abu ɗaya ne yake tayar da shi. Da zarar an kaɗa ƙararrawar coci da faɗuwar rana, sai ya miƙe yana kuka, yana fizgar sarƙa har wuyansa ya goge, idonsa a kan baranda inda Nanay Luming take zaune. Rodel ya ce wa matarsa karen nan ba ya ƙaunar tsohuwa, kada kowa ya kuskura ya kwance shi. Bai ɗauki waya ya tambayi wadda ta riƙe shi ba. A wurinsa tambaya faɗuwa ce.

Ranar bikin zagayowar haihuwarsa ya tara mutane. An gasa alade, an jera kujerun roba, na'urar waƙa tana ta shan wahala a hannun waɗanda ba su da murya. Maƙwabcin nan ya leƙa wajen Barako, ya dawo yana dariya.

"Kuya Rodel, babban yaya, wannan kare ne ko katifa? Tun da muka zo bai ɗaga kai ba."

Aka fashe da dariya. Rodel ya ji abin har cikin ƙashinsa. Ya je ya kwance sarƙar, ya naɗe ta a hannu, ya jawo karen tsakiyar fili don kowa ya ga girmansa.

Daidai nan aka kaɗa ƙararrawa.

Fizga ɗaya Barako ya yi, sarƙa ta suɓuce. Ya ratsa cikin kujeru, faranti suka tarwatse, wata mata ta faɗi zaune. Ya haye baranda. A gaban idon kowa ya buɗe wannan ƙaton bakin ya kama hannun Nanay Luming.

Ina wurin, da idona na gani. Waƙa ta tsaya. Cherlyn ta ƙwalla ƙara. Babu wanda ya iya motsi sai Rodel, wanda ya zaro itacen gora da aka soke aladen da shi, ya sauke wa karen a ka. Ya ƙara, ya kuma ƙarawa.

Barako bai yi gurnani ba, bai nuna haƙori ba. Ya saki hannun, ya kwanta a ƙafafun tsohuwar yana rawar jiki. Jini ya ɓata mata gaban riga. Aka haska hannunta, aka juya shi sama da ƙasa, ko ƙwarzane babu. Jinin duk na karen ne.

Nanay Luming tana ta ƙoƙarin magana, bakinta yana karkacewa. Da ƙyar kalma ɗaya ta fito.

"Mano... mano."

Duk wanda ya tashi a nan ya san mano: ka kama hannun babba, ka kai shi goshinka, ya sa maka albarka. Da, idan an kaɗa ƙararrawar yamma, layi muke yi gaban kakanninmu. Rodel ya ɗauka tsoro ne ya ruɗa ta har take kiran a zo a gaishe ta. Ya ce, "Nanay, yanzu ba lokacin gaisuwa ba ne," ya sa aka shigar da ita ɗaki. Sannan ya juya ya rantse a gaban baƙinsa cewa gobe likitan dabbobi zai yi wa karen nan allurar da ba zai sake tashi ba.

Da safe ya jefa Barako a bayan mota. Cherlyn ta tare ƙofa ta tuna masa alkawarin da aka yi wa matar da ta ba su shi. Ya yarda ya biya ta can, ba don alkawari ba, sai don ya wanke ta tas kafin ya wuce asibiti.

Ya kuwa wanke ta. Ya ce ta ba shi mahaukacin kare, saura kaɗan ya kashe masa uwa, zai kai ƙararta wajen shugaban unguwa. Aling Sioning ba ta ko kalle shi ba. Tana tsugune tana goge wa Barako ido da ya kumbura ya rufe. Da ya gaji ya yi shiru, ta yi masa tambaya ɗaya.

"Lokacin da aka kaɗa ƙararrawa ne, ko?"

Rodel ya juyo ya dube ta. Bai gaya mata lokaci ba.

Ta tashi ta zauna a kan benci, ta ɗora hannu a gwiwa, ta ce a hankali, "Barako, mano."

Karen nan da ko tsayuwa ba ya iya yi sosai ya miƙe yana tangaɗi. Ya zo ya kama hannunta da baki, a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai, ya ɗaga shi, ya saki, ya cusa goshinsa mai rauni a ƙarƙashinsa. Ya tsaya cik. Bai motsa ba sai da ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Sannan ya koma ya kwanta.

Rodel ya zauna a kan bokitin da ke kife a wurin.

Aling Sioning ta ba shi labarin da ya hana ta bayarwa tun farko. 'Ya'yan tsohon masuncin duk sun watse, wasu Manila, wasu ƙasar waje. Ƙararrawa takan kaɗa, babu mai zuwa ya kama hannunsa. Shi ne ya koya wa karensa, don kada yamma ta wuce bai sa wa kowa albarka ba. Duk gidan da Barako ya shiga, wanda ya fi kowa tsufa yake nema. Abin da yake ta fizgar sarƙa a kai ke nan.

Can Rodel ya ce, murya ƙasa-ƙasa, to zai mayar da karen gida.

"Ba za ka mayar ba," in ji ta. "Na ba ka shi da ido biyu. Tashi ka tafi."

Haka ya dawo da mota babu kowa a baya. Bai iya shiga gida ba, ya yi ta zagaye a gari har rana ta yi sanyi. Yana shigowa ana kaɗa ƙararrawa. Ya tarar da mahaifiyarsa a baranda, ta miƙa hannunta mai lafiya a kan gwiwa, tana kallon inda sarƙa take yashe.

Ya durƙusa a gabanta. A karon farko tun da ya kawo ta gidan, ya jira ta gama magana. Ta daɗe tana haɗa kalmomin, shi kuma ya ji kowace ɗaya.

"Tun da na zo gidan nan, babu wanda ya nemi albarkata. Sai shi. Shi ne ka fasa wa kai."

Na san Rodel tun muna yara, ban taɓa jin ya yi kuka ba, amma Cherlyn ta ce ranar ya yi har da shessheka. Ya kai hannu zai kama nata ya kai goshi. Ta janye.

"Shi ya riga ka," ta ce. "Je ka kawo shi."

Ba sau ɗaya ya koma gidan Aling Sioning ba, ba sau biyu ba. Ya je da buhun abincin karnuka, ta karɓa don sauran, ta rufe ƙofa. Ya je da maganin ido, ta karɓa, ta rufe ƙofa. A ƙarshe ta ce ita ba za ta sake ba shi kare ba har abada, amma idan tsohuwar ce take so, ta zo da kanta.

Haka aka yi. Ya ɗauki mahaifiyarsa a hannu ya sa a mota. Tsofaffin biyu suka zauna a benci suna shan gahawa, Aling Sioning tana jiran kowace kalma ba tare da gaggawa ba, shi kuma yana tsaye a rana kamar direba. Barako ya zo ya ɗora kai a cinyar Nanay Luming. Da sunanta aka ba da shi, bisa sharaɗin babu sarƙa.

Idon nan bai warke ba, ya tafi ke nan. Kuma har yau idan Rodel ya ɗaga hannu, ko ƙuda zai kora, sai karen ya sunkuyar da kai ya koma bayan kujerar tsohuwa. Wannan ya fi komai ci masa rai, kuma babu kuɗin da zai gyara shi.

Yanzu idan kun bi ta layinmu da faɗuwar rana, ku leƙa barandar. Barako ne a gaba, sai jikoki, sai Cherlyn. Rodel Macaraig, mai bene, mai ma'aikata ɗari, shi ne na ƙarshe, hannu a baya, yana jiran kare ya gama. Ya taɓa gwada shiga gaba, Nanay Luming ta ɓoye hannunta a cikin riga har sai da ya koma wurinsa.

Darasi: Girman kai yana toshe kunne, kuma wanda ya ƙi sauraro yakan hukunta wanda bai yi laifi ba, ya zo yana nadamar da ba ta mayar da abin da ya ɓata. Ka tambaya kafin ka ɗaga hannu. Sannan ka sani iyaye ba abinci da magani kaɗai suke buƙata ba, suna son a zauna, a jira maganarsu, a nemi albarkarsu. Idan naka suna raye, kada ka bari wani ya riga ka. Tura wannan labari ga wanda ka san ya daɗe bai zauna da mahaifansa ba.