Makulli Na Biyu

Ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Labarin da zan ba ku babu sarki a cikinsa, babu aljani. Labarin mota ne, kuma a ƙarshensa akwai hukuncin da ku za ku yanke.

A Zariya akwai wani dattijo, Malam Shu'aibu, wanda ya yi shekara talatin da biyar a kan babur yana bi gida-gida yana karanta mitar ruwa. Aikin ya bar masa hali guda: abin da lamba ta nuna, shi ne gaskiya. Matarsa, Inna Barira, 'yar Azare ce. Ciwon gwiwa ya sa ta a gaba, har ta kai ba ta iya zaman motar haya, inda ake cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku. Shekara huɗu ke nan rabonta da mahaifiyarta, tsohuwar da ta haura tamanin. Duk ranar da aka yi waya, tsohuwar kan rufe da magana ɗaya: "Barira, ko sai an zo zaman makokina zan gan ki?"

Da kuɗin sallamar Malam Shu'aibu suka fito, ya tara 'ya'yansa uku a tsakar gida. Lawandi ne babba, tela ne. Huwaila ke bi masa, ma'aikaciyar jinya ce. Autansu Nafi'u, injin niƙa yake da shi a bakin kasuwa. Uban ya ce, "Wannan kuɗi sau ɗaya ake ba mutum shi a duniya. Mota ɗaya zai saya, ta hannu. In muka yi kuskure, babu na sayen wata, babu na yawon gareji. Ina so innarku ta yi babbar Sallah a Azare, ƙafarta a miƙe."

Gidan ya ɗau murna tun kafin a ga taya. Jikoki suka fara rigima a kan wanda zai zauna kusa da taga.

Ranar Asabar Malam Shu'aibu ya ɗauki Lawandi suka nufi wata kasuwar motoci a Kaduna. Ba su yi nisa da ƙofa ba idon dattijon ya faɗa kan wata mota ruwan toka, mai kujera bakwai, tana sheƙi kamar yau aka sauke ta daga jirgi. Ya leƙa ya karanta mitarta: kilomita dubu arba'in da 'yan kai. Sai fuskarsa ta washe. Dillalin ya ce, "Alhaji, ai ka iya zaɓe. Wata likita ce ke hawanta, daga gida sai asibiti." Malam Shu'aibu bai taɓa zuwa Makka ba, amma bai gyara masa ba. Suka kira wani bakanike da ke zaune a bakin kasuwar, ya bubbuga tayoyi da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashi, ya gyaɗa kai. Abin da dattijon bai lura da shi ba, bakaniken da dillalin a kwano ɗaya suka ci abincin rana. Aka yi ciniki, kuɗin suka zo daidai wa daida, Malam Shu'aibu ya zaro waya zai tura.

Shi kuwa Lawandi bai san komai game da inji ba. Zare ya sani. Tela ko rigar limami ya gani a sahun gaba sai ya duba ɗinkinta. Yana zaune a kujerar baya, yatsansa ya bi bakin kushin, ya ji ɗinkin yana tsalle nan da can, irin na keken da allurarsa ta lanƙwashe. Zaren sabo ne, kuma duk kujerun haka suke. Ya tambayi kansa: me zai sa a sake wa motar da ba ta yi tafiya ba kujeru gaba ɗaya? Ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, sai ga wani layi ruwan ƙasa, irin wanda ke fita a gindin zane in mace ta ratsa rafi. Ya zagaya bayan motar ya buɗe but, ya ɗaga kafet, ya ɗaga safayar taya. Yashi ne mai laushi kwance a wurin, da wata 'yar katantanwa.

Ya ɗauko ta a tafin hannu ya kawo. "Baba, likitar nan a cikin kogi take aiki?"

Dillalin ya ce, "Haba malam, ruwan wanki ne."

"Ruwan wankinku da katantanwa yake zuwa?"

Motar ambaliya ce. Ta kwana a ƙarƙashin ruwa, aka tsamo ta, aka busar, aka yi mata kwalliya. Irinta kan yi wata ɗaya lafiya, daga nan wayoyinta su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Malam Shu'aibu ya mayar da wayarsa aljihu. Suka dawo Zariya da kuɗinsu cif, ba mota.

Sati uku suka wuce. Aka duba motoci takwas. Wadda ta yi kyau ta fi ƙarfinsu, wadda ta zo daidai kuɗinsu ko akuya ba za ka amince mata ta kai kasuwa ba. Sallah ta matso, murnar gidan ta fara sanyi, Inna Barira ta daina maganar Azare.

Huwaila ba ta taɓa taka kasuwar mota ba, amma tana shiga gidajen da dillali ba ya shiga. Wata bakwai ke nan, duk ranar Talata da Juma'a in ta tashi daga aiki, takan biya gidan wata tsohuwa, Hajiya Yalwa, ta wanke mata gyambon da ciwon sukari ya bar mata a ƙafa. A tsakar gidan, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, akwai wani abu lulluɓe da tamfol. Motar marigayi mijin Hajiyar ce, malamin kwalejin horon malamai, mutumin da ba ya bari ko ɗansa ya taɓa masa sitiyari. Shekara biyu tana ajiye. Dillalai sun zo tayi tun ba a share makoki ba, ɗaya ma a kan tabarmar gaisuwa ya tambayi farashi. Ranar Hajiya ta yi rantsuwa ba mai sayen motar nan ya kai ta kasuwa, ko da za ta ruɓe a wurin.

Huwaila ta san wannan rantsuwa, saboda haka ba ta yi tayi ba. Tana naɗa bandeji ta ba Hajiya labarin gwiwar innarta, da tsohuwar da ke jira a Azare, da katantanwar Kaduna. Hajiya ta yi dariya har da hawaye. Ranar Juma'a ta ce, "'Yar nan, ki ce wa babanki ya zo. Abin da yake da shi ya kawo, ya rage na mai. Amma ya yi mini alkawari iyali za ta ɗauka, ba kasuwa za ta ba." Huwaila ta iso gida ko takalmi ba ta cire ba, tana kiran "Baba! Baba!" tun daga zaure.

Washegari gidan kaf suka ɗunguma. Aka yaye tamfol. Mota ce fara, mai dogon baya da layin kujeru uku, fentin samanta ya dushe, kashin tsuntsaye ya yi mata zane. Malam Shu'aibu ya leƙa mita: dubu ɗari biyu da goma. Ya ja da baya. Aka aro batir aka ɗaura, aka murɗa makulli. Sai motar ta ɗauki wata irin ƙara, kwaram-kwaram, kamar ana zuba tsakuwa a garwa, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, kaji suka watse. Dattijon ya yi wa Hajiya godiya cikin ladabi, ya ce Allah ya saka da alheri, ya juya ya nufi ƙofa. Mutumin da ya tsallake rijiya sati uku da suka wuce ba ya son jin ƙarar da bai gane ba.

Nafi'u ne ya sha gabansa. "Baba, ba ni minti biyar." Shi wannan yaro shekara goma sha biyu yana kwana yana tashi da injin niƙa, har ya kai daga masallaci yakan ji in fanbel ya saki. Ya karɓi muciya a hannun mai aikin Hajiya, ya ɗora kanta a jikin injin, ya manna ɗaya kan a kunnensa, ya rufe ido. Ya matsar da ita gaba, ya matsar baya. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa ya shinshina. Ya tara farin hankici a bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, ya duba. Sannan ya ce, "Injin nan lafiyarsa ƙalau, bugunsa ɗaya ne ba ya tsalle. Ƙarar ba daga cikinsa take ba."

Uban ya ce, "Auta, wannan ba injin markaɗe ba ne. Ka ga abin da mita ta ce?"

"Baba, ta Kaduna ma mita ce ta yi magana."

Ya ɓalle murfin akwatin da iska ke bi ta shiga inji. Sai ga ɓawon gyaɗa yana zubowa, ya fi mudu, har da tsummokaran da ɓeraye suka yi sheƙa da su. Hajiya Yalwa ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu! Ashe nan gyaɗata take tafiya, ni ina ta zargin jikoki!" Aka kwashe, ya ɗaure wani ƙarfen salansa da ya saki, aka sake tayarwa. Hayaƙin ya washe. Motar ta koma wani siririn gurnani, har sai ka kasa kunne. Malam Shu'aibu ya dawo daga bakin ƙofa a hankali, ya dafa bonet, ya ce wa Hajiya ya saya. Abin da ya rage bayan an sallami Hajiya ya isa batir, da juyen baƙin mai, da taya biyu.

Ana jibi Sallah suka kama hanya da hantsi. Inna Barira ta samu kujerar baya ita da filo biyu, ƙafarta a miƙe, tana ta sa albarka. Kafin su kai Kano suka wuce wata mota ruwan toka mai kujera bakwai a gefen titi, bonet a buɗe, mai ita ya riƙe ƙugu. Lawandi ya rantse ita ce, Nafi'u ya ce irinta dubu ne, aka yi ta musu har Wudil. Farar motar ba ta yi ko tari ba. La'asar ta yi musu a Azare. Tsohuwa ta fito da sandarta, ta shafa fuskar 'yarta da hannu biyu, ta ce, "Ashe da rabon," sannan ta juya ta shafa motar ita ma.

Bayan sun dawo ne magana ta tashi. Motar makulli biyu gare ta. Ɗaya na Malam Shu'aibu ne. Na biyun ya ce zai ba wanda ya fi wahalta wa sayenta, ya riƙa ɗauka duk sanda ya so ba sai ya nemi izini ba.

Lawandi ya ce, "Ba don ni ba, da kuɗin suna Kaduna, mu kuma muna gareji. Me za a kai wa Hajiya?"

Huwaila ta ce, "Yaya, kai hana sayen mota ka yi. Sati uku kuna yawo da kuɗi a aljihu. Kuɗi ne ya kai Inna Azare?"

Nafi'u ya ce, "Ku duka kun manta inda Baba yake tsaye sanda na tare shi. Ƙafarsa ɗaya tana waje."

Lawandi ya ce ai Huwaila ko tuƙi ba ta iya ba. Ta ce shi ma da aka haife shi bai iya ɗinki ba. Aka juya ga Inna Barira, ta ce ita dai ta ga uwarta, kada wanda ya sa ta raba 'ya'yanta. Malam Shu'aibu ya daɗe yana juya makullin a hannu. Wannan karon babu mitar da zai leƙa. Ya tashi ya rataye shi a ƙusa a saman ƙofar ɗakinsa, kuma har yau da nake muku magana yana nan a rataye.

To, ga ku ga su: wanda ya tsare kuɗin, da wadda ta samo motar, da wanda ya gane lafiyarta. In ku ne Malam Shu'aibu, wa za ku miƙa wa makullin nan?