Igwar Itacen da Ta Ƙi Iyo

An yi wani mutum a ƙauyen nan namu na bakin kogin Kapuas. Ba zan faɗi sunansa ba, don ga jikokinsa can a sahu na uku. Pak Long kowa ke kiransa, gwanin sassaƙa igwar Sallah.

Kun san dokar gasarmu. Aji biyu ne, na ƙarfe da na itace. A ajin itace gungume za ka rarake, ka ɗaure da igiyar daji, ka zuba ruwa da kabayit irin na masu walda, ka kunna. Ko ƙusa ɗaya ba a yarda ba, wanda aka kama kuwa ya bar gasar har abada. Wa ya rubuta dokar da hannunsa? Pak Long.

Shekara tara yana zuwa na biyu, kullum Bang Jamhur mai kamun kifi na gabansa. Abin ya tsaya masa a wuya. Sai ya samo bututun ƙarfe, ya cusa cikin gungumen, ya shafe da baƙin tukunya. A watan azumi fa, ya 'yan uwa, da ƙishirwa a bakinsa!

Ranar duba igwa, tsohon alƙalinmu Wak Seman ya naɗe hannun riga zai zura a ciki.

"Haba Wak," in ji Pak Long, "da farar rigarka? Ni da ka san ni tun ina yawo ba wando?"

Kunya ta kama tsoho. Ya bubbuga bayan igwar kawai, ya wuce.

Washegarin Sallah da la'asar aka kunna. Da ta Pak Long ta tashi, biran tsallake suka watse, kajin liman suka yi sati ba ƙwai. Alƙalai suka miƙa masa kofi.

Amma ya manta da al'adar ƙauyenmu. Wanda ya ci, tura igwarsa ake yi cikin kogi, ya hau kanta a zagaya da shi. Ai itace iyo yake yi.

Pak Long ya dafe ciki. "Jama'a, a bari sai gobe, tuwon Sallah ya yi mini yawa."

Matarsa Mak Jenab ta ce, "Shekara tara ina goge maka zanen nan na hawa, yau ka ce mini ciki? Hau, malam!"

Da ma mutum takwas ke ɗaga gungume. Wannan sai da aka yi sha shida. Wani yana nishi ya ce, "Pak Long, wai icen nan naka shi ma tuwon ya ci?"

Ya hau, kofi a hannu, ana kiɗa. Aka tura. Ko taku ɗaya ba ta yi ba, ta nutse da shi tsulum. Hularsa kaɗai ta yi iyo.

Wa ya yi tsalle ya jawo shi? Bang Jamhur, wanda Pak Long ya zalunta.

Da ruwa ya janye, sai ga bakin bututu a taɓo yana kallon kowa. Aka ɗauko takardar doka aka karanta masa, da rubutunsa. Wak Seman ya ajiye alƙalanci yana hawaye, wallahi shi na fi tausaya wa. Pak Long kuwa ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, duk Sallah yana ɗaka da auduga a kunne.

Ya 'yan uwa, na biyu da gaskiya laifi ne? Mai gasa, tsaya a ajinka. Alƙali, zura hannunka, ko da igwar ƙaninka ce, riga dai a wanke ta ake yi. Duk wanda ya lulluɓe ƙarfe da itace, akwai ranar da za a ce masa ya hau.

Allah ya kiyaye mu da nutsewa, a kogi da kuma ranar awon ayyuka. Amin.