Wa Ke Duba Mini Sama?

An yi wani zamani da wayar hannu ta shiga daji, har ƙananan dabbobin bakin rafi suka buɗe zaure a cikinta don motsa jiki. Shugaban zauren wani tsoho ne, Baba Damo, mai haƙurin gaske. Kullum da safe sai ka ga bidiyo na shigowa, wannan yana tsalle, wancan yana gudu, kowa na yi wa ɗan'uwansa sannu da ƙoƙari. Abin gwanin sha'awa.

Wurin atisayensu wani faffaɗan dutse ne a fili, ko ganye babu a kansa, Shaho kuma yana yawan shawagi a wurin. Shi ya sa suke da al'ada guda. Duk wanda zai hau dutsen sai ya rubuta a zaure, "Zan hau, wa ke duba mini sama?" Ba zai hau ba sai wani ya amsa, "Ga ni," ya zo ya tsaya masa gadi.

Wata rana sai ga baƙi biyu sun shiga zauren. Ɗaya Kwaɗo ne, mai ƙaton tumbi da yawan kunya. Ɗayan Ƙadangare ne mai jan kai, wanda ji da kansa ya fi jikinsa girma.

Baba Damo ya rubuta, "Maraba da ku. A nan baƙo yakan yi sallama, ya ɗan natsu ya ga yadda muke yi. Abin da bai gane ba ya tambaya."

Kwaɗo ya yi sallama, ya koma yana karanta tsofaffin saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Ƙadangare kuwa ko sallama bai yi ba, sai bidiyo. Ga shi ya dafa ƙasa, yana ɗaga ƙirji yana saukewa.

"Ni zan natsu in koya?" in ji shi. "Da wannan aka haife ni! Ku ne za ku koya a wurina."

Gaskiya ya iya, ba a hana shi wannan ba. Aka yi masa sannu da ƙoƙari, bai amsa wa kowa ba.

Da Kwaɗo ya yi ƙarfin hali ya turo nasa bidiyon, yana tsalle yana haki, sai Ƙadangare ya rubuta, "Wannan tsalle ne, ko buhun gero ne ya faɗo daga kan jaki?"

Babu wanda ya yi dariya.

"Goge wannan maganar, ɗana," in ji Baba Damo. "Ba ma yi wa mai koyo dariya. Kuma na ga jiya ka hau dutse ba ka nemi mai gadi ba."

"Haba Baba! Sai na nemi izini kafin in motsa jikina? Wannan al'adar ta matsorata ce da masu tumbi."

Kwaɗo ya ji zafin maganar har cikin ransa, amma bai fita daga zauren ba. Kullum zai tambaya, a tsaya masa, ya yi 'yan tsalle-tsallensa. In wani ya tambaya, shi ma ya je ya tsaya.

Wata safiya Ƙadangare ya hau dutsen shi kaɗai, ya jingina wayarsa, ya fara nuna kansa kai tsaye. Kwaɗo na bakin ruwa ya ga bidiyon. Ya duba saƙonni, babu tambaya, babu "Ga ni."

Da wani ne aka kira buhun gero, da sai ya ce ba ruwansa. Kwaɗo bai ce haka ba. Ya ajiye waya ya nufi dutsen da tsalle, tsallen nan da aka yi wa dariya, tumbi na rawa bai tsaya ba. Yana isa ya ɗaga kai, sai ga Shaho ya naɗe fukafukai yana saukowa.

"Ƙadangare! Sama! Shiga rami!"

Ƙadangare ya yi wuf ya faɗa tsagin dutse. Jikinsa ya shige, amma jelar ta tafi a faratan Shaho. Wayar kuwa tana nan a jingine, duk zauren ya gani.

Ƙadangare ya yi kwanaki a ɓoye, kunya ta hana shi taɓa wayar. Ya san abin da shi zai rubuta da wani ne jelarsa ta gutsure. Da ƙyar ya daure ya buɗe.

"Sannu, ɗana, Allah ya ƙara sauƙi," in ji Baba Damo.

"Jela za ta sake fitowa, ɗan'uwa," in ji Kwaɗo. "In ka warke ka koya mini ɗaga ƙirjin nan, na gwada na kasa."

Ƙadangare ya karanta har ƙasa, bai ga ko kalma ɗaya ta ba'a ba. Hawaye suka zubo masa. Ya nemo maganar buhun gero ya goge, sannan ya rubuta abin da ya kamata ya fara da shi tun ranar farko: "Salamu alaikum."

Washegari Kwaɗo ya rubuta, "Zan hau, wa ke duba mini sama?"

Kafin kowa ya motsa, amsa ta shigo daga Ƙadangare: "Ga ni, Yaya."

Ya zo da guntun jelarsa ya tsaya a gefen dutse, kansa a sama, bai sauke ba har Kwaɗo ya gama.

Darasin wannan labari shi ne, in ka shiga cikin jama'a, ko a waya ne, kada gwanintarka ta hana ka sallama da saurare. Al'adar da ka tarar ka raina, wataƙila ita ce za ta tsare ranka, kuma wanda ka yi wa dariya ne zai duba maka sama.