Jatau Magini da Ramin Kusu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani magini ne wai shi Jatau, wanda in ya ga kafa a bango sai hannunsa ya kama ƙaiƙayi. Sai matarsa Kande ta haifi ɗansu na fari ana tsakiyar sanyi. Aka zuba mata garwashi a ƙarƙashin gadon ƙasa, yadda ake wa mai jego. Jatau kuwa tsoro ya cika shi, kada sanyi ya kama masa mata da ɗa.

Sai ya kwaɓa laka, ya nufi kafar da ke saman bango.

Ungozoma, Gwaggo Tabawa, ta ce, "Bar ta, ta nan hayaƙi ke fita."

Ya ce, "Gwaggo, ke da cibiya, ni da bango." Ya liƙe.

Kashegari sai ya hango wata a bayan gado.

Kande ta ce, "Maigida, ta nan nake shan iska."

Ya ce, "Ai iskar nake guje miki." Ya liƙe.

Rana ta uku sai ga ramin kusu a gindin bango, ya ɓulle har waje.

Kusu ya leƙo ya ce, "Malam, ƙofata ce. Ɗaki ma da hancinsa."

Ya ce, "Ɓarawon gero ne zai koya mini gini?" Ya liƙe, ya ja ƙofa ruf, ya tafi aiki yana ganin ya gama wa iyali gata.

Da azahar ya dawo. Ya yi sallama, shiru. Ko kukan jariri babu. Ya banka ƙofa, hucin garwashi ya buge shi har ya yi tangaɗi. Gado wayam.

Sai ga Kande kwance a ƙasa rungume da jariri, hancinsu a bakin ramin kusu. Ramin a buɗe, laka a tarwatse. Ashe jiri ne ya kayar da ita, ta ji iska na shigowa, ta ja ciki zuwa wurin.

Ya kinkimo su waje, ya yayyafa musu ruwa. Kande ta yi tari. Jariri ya callara kuka. Tunda aka haifi Jatau bai taɓa jin abin da ya kai kukan nan daɗi ba. Ya zube a ƙasa yana hamdala, hawaye shaɓe-shaɓe.

Sai kusu ya fito, farce duk laka, ya ce, "Malam, a sake kwaɓawa ne?"

Jatau ya miƙe. Ya ɗauki taɓarya ya huda kafofin nan biyu, ya kawo zangarniyar gero ya ajiye a bakin ramin.

Ƙurunƙus! Kan kusu dai yau a bar masa abinsa. Kafin ka toshe kafa, tambayi mai numfashi ta cikinta.