Igiyar da Tsuntsu Ya Kwance

Ranar da na fara ganinsa, kansa ne ya leƙo daga bakin rijiyar gidanmu, duk laka, yana dariya. Yasar rijiya ce sana'arsa, shi da yayansa. Tsuntsu ake ce masa, don ba ya son a nuna masa iyaka. Na miƙa masa ruwa, ya sha ya ce, "'Yar gidan nan, in ke ce mai kawo ruwan, kullum sai na faɗa rijiyarku." Na rufe fuska na gudu. Kafin shekara ta zagayo an sa mana rana.

Abu ɗaya ke haɗa shi faɗa da yayansa: igiyar da ake ɗaura masa a ƙugu.

"Yaya, ni akuya ce?"

"Akuya ta fi ka jin magana. Shiga ko fasawa, wannan naka ne. Amma inda igiya ta ƙare, nan ka ƙare."

Wata rana aka kira su yasar rijiya a wani tsohon gida da aka daɗe da rufewa. Na kai musu abinci da rana tsaka. Tsakar gidan shiru, ko ƙadangare babu. Tsuntsu yana ƙasa, muryarsa na fitowa siririya kamar ta wani.

"Yaya, akwai kogo a gefe! Ƙaro igiya!"

"Ta ƙare. Iskar wurin ba kyau, fito."

"Taku kaɗan ne fa."

"Na ce fito!"

Sai muka ji dariyarsa, rijiyar ta maimaita ta. Yayan ya ja igiyar, ta taho sakayau. Ba tsinkewa ta yi ba. Kwance ta aka yi, a tsanake. Muka yi ta kira, sunansa kawai ke dawo mana.

Yayan ya ɗaura igiyar a ƙugunsa, maƙwabta suka riƙe, ya sauka ya fito da shi a sume. Likita ya ce gurɓatacciyar iskar ta taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Yanzu yana zaune a ɗakin mahaifiyarsa, ƙofa a buɗe. Ba aiki, ba igiya, ba mai ce masa fito. In aka ajiye masa ruwa da abinci, sai ya yi ta kallonsu, ya kasa miƙa hannu ga ko ɗaya. Yatsunsa kawai ke motsi a ƙugunsa, suna kwance ƙullin da ba ya nan.

Mahaifiyarsa ta ce mini, "'Yata, mun sake ki daga alkawarin auren nan. Ba wanda zai ga laifinki."

Na daɗe ina kai da kawo da maganar a zuciya. Warkar da shi ba ya hannuna. Jiya na zauna gabansa, na dafa yatsun har suka tsaya, na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Tsuntsu, ba wanda ya ɗaure ni. Zan riƙa zuwa har ranar da za ka ce mini zauna ko tafi, da bakinka."

Darasin shi ne, 'yanci daban, ikon zaɓi daban. Tsawon igiyar rayuwa ba mu muka auna shi ba, amma abin da za mu yi a cikin tsawonta namu ne. Wanda ya raina zaɓin da ke hannunsa don neman rayuwa marar iyaka, yana iya samun sakin, ya rasa kansa da zai more shi.