Ganyen da Sarki Ya Sa Aka Yanke

An ce wani sarki a ƙasashen sanyi, can bayan Farisa, yana da wani fure a lambunsa da ake kira tulif. Asalin tulif ɗan jan fure ne na kan duwatsu wanda awaki ke takawa, har masu lambu suka sauko da shi, suka yi ta renonsa kaka da kakanni, ya zama adon gidajen sarakuna. Na wannan sarki shunayya ne mai duhu, in ba rana ta haska shi ba sai ka rantse baƙi ne. Duk baƙon da ya sauka, sarki kan kai shi lambu ya ce, "Ni na fitar da wannan launi da hannuna. Shekara bakwai ina renonsa tun yana ƙwayar iri." Fadawa su ce haka ne, alhali sun san hannun sarki ba ya taɓa ƙasa sai wurin taimama.

Mai furen na ainihi wani tsoho ne a ƙauyen gindin dutse, sunansa Firuz. Dogarai suka je suka tone kawunan furen, masu kama da albasa, suka ba shi riga ɗaya, suka ce ya manta. Ya kuwa manta, domin ɗansa Bahram yana cikin masu aikin lambun sarki.

To, tulif yana da wani hali. In furen ya kaɗe, ganyen kan yi rawaya ya kwanta kamar tsumma, kuma a lokacin ne kan da ke cikin ƙasa yake tsotse abincin baɗi daga gare shi. Sarki ya ga munin ganyen, ya ce a yanke. Masu lambu sun san abin da zai biyo baya, amma wa zai koya wa sarki furen da ya ce shi ya fitar? Suka yanke.

Da shekara ta kewayo, furanni suka fito 'yan tsiraru. Sarki ya ce ha'inci ne, aka sare kan sarkin lambu. Aka naɗa wani, aka sake yanke ganye, fure ya ƙara ja da baya, shi ma ya bi na farko. Na uku shi ne Bahram. A shekararsa ko fure ɗaya bai fito ba, aka ɗaure shi, aka ce ranar Asabar za a kashe shi.

Da labari ya kai ƙauye, Firuz ya yi tafiyar kwana biyu a ƙafa, yana ta juya magana a ransa. In ya ce furen nasa ne, ya ƙaryata sarki, su mutu su biyu. In ya yi shiru, ya binne ɗansa. Ya isa fada, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ya sarki, ni manomi ne jahili. Na ji babu wanda ya san tulif kamarka, na zo neman ilmi."

Sarki ya gyara zama, don yana son irin wannan baƙo. "Tambayi, tsoho."

"Me ƙwayar tulif ke fitarwa a shekarar farko?"

Sarki ya taɓa jin wannan a bakin masu lambu. Ya ce, "Ganye ɗaya, siriri kamar ciyawa."

"Madalla. A shekara ta biyu, da ta biyar, da ta shida fa?"

"Ganye dai, ba fure."

"Da ganyen ya yi rawaya ya kwanta, yaya ka yi da shi, ya sarki?"

"Yankewa nake yi kowace shekara. Ba na barin ƙazanta a lambuna."

Firuz ya sunkuyar da kai. "Allah ya ja zamaninka, tulif ganyensa yake ci ya rayu. Wanda ya yanke shi yana jariri ba zai ga fure ba ko ya jira shekara saba'in. Ga masu lambunka nan, a rantsar da su."

Aka kira su. Ba wanda ya yi magana, ba kuma wanda ya iya ɗaga ido. Shirun ya ishi kowa amsa.

Firuz ya ce, "Saura abu biyu, sarki ya zaɓa. Ko dai kai ka reni furen, ka san yanke ganye ke kashe shi, ka kashe bayin Allah biyu da gangan a kan aikin hannunka. Ko kuwa ba ka sani ba, to ba kai ka rene shi ba."

Sarkin dogarai ya dafa takobi. Sarki ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana duban matan sarakunan lambun nan biyu da aka kashe, waɗanda kullum ke zaune a ƙofar fada ba mai kula su. Can ya ce, a hankali, "Ban sani ba. Ban taɓa shuka komai ba."

Aka kwance Bahram, ya fito yana dafa bango, ubansa ya riƙe shi. Na cikin kabari kuwa suna nan inda suke.

Sarki ya ce, "Tsoho, me zan ba ka?"

Firuz ya ce, "Na karɓi nawa, ya sarki. Ka dai riƙe wannan: adalci ba ya kwana a fadar da ba a iya ce wa sarki bai sani ba."