Sa Ɗaya a Turke

An yi wani mutum a ƙasar Kibiya, can wajen Fammar. Ba zan kama sunansa ba, don yana da 'ya'ya, kuma a cikinku akwai waɗanda suka yi sahu ɗaya da shi.

Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gandu da shanun huɗa biyu, shi da wansa Ramalan. Shi Ramalan ya taɓa faɗowa daga babur, ƙafar ta ɗoru a karkace, bin garma ya gagare shi, sai shanun suka koma hannun ƙanen. Kun dai san shanun huɗa. Tare ake horar da su, kowanne ya san gefensa a karkiya, na dama ba ya yarda a mai da shi hagu. Waɗannan biyun su ne tuwon gidan.

Da rani ya yi, aiki ya ja baya, sai zaman rumfar mai cajin waya. A nan aka nuna masa cacar ƙwallo. Ya zuba ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya ci. Wannan cin shi ne mafarin masifarsa. Da an cinye shi ranar, da ya yi tsaki ya tashi. Amma ya ci, ya shiga gida da ƙunshin tsire. Mutumin da bai taɓa sanin sunan ƙungiya ko ɗaya ba sai ga shi yana ba da fatawa a kan ƙafar ɗan wasan da bai san da zamansa a duniya ba.

Daga nan ci ya ɗauke. Kaji suka tafi, waken iri ya tafi, akuyar matarsa ta bi su. Kullum maganarsa ɗaya ce: duk wasannin sun zo daidai, guda ɗaya ne ya ɓata masa takardar cacar.

Ya 'yan uwa, a nan ƙugiyar take. Caca ba ta ce maka ka faɗi, ce maka take saura ƙiris. Kuma da can sai mutum ya nemi lungu kafin ya yi karta, yana waige. Yanzu lungun yana aljihunsa, da shi yake shiga masallaci.

Mutumin nan ya zo wurina yana kuka, ya yi rantsuwa ya daina, ya danƙa wa matarsa wayar. Kafin Juma'a ta zagayo ya ari ta maƙwabci. Da ya sake zuwa, na ɗauka tuba ce ta dawo da shi. Sai ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, a taya ni da addu'a takardata ta ci sau ɗaya, in mai da kuɗina. Daga nan na tuba." Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni zan ɗaga hannu in roƙi Allah ya sa wa haram albarka? Na yi masa faɗa har muryata ta dushe, yana ta gyaɗa kai, amma na san ba ya tare da ni.

Da bazara ta kama, ya kwance san dama, ya ce wa Ramalan ɗingishi yake, zai kai shi ruga a duba. Ashe sayarwa ya yi wa Hammadu, Bafulatanin da ya yi zaman mutunci da mahaifinsu. Hammadu ya gane akwai wata a ƙasa. Ya ce masa albarkacin marigayi zai riƙe san har ranar kasuwar Rano, in ya dawo da kuɗin ya kama igiyarsa.

To ku ji abin da ya fi ba ni takaici. Ya zuba kuɗin san, kuma ya ci. Abin da zai fanshi san ya shigo wayarsa cif. Ranar kasuwa ya hau mota, Hammadu na can kara yana jiransa. A hanya zuciya ta ce masa, in ya ninka, ai har akuyar matarsa zai mayar. Ya ciro waya. Kafin motar ta shiga Rano babu ko sisi. Daga nesa ya tsaya yana kallo aka tura san cikin motar Kudu.

Ruwan shuka ya sauka, asiri ya tonu. Aka aro sa a Nariya aka haɗa da na hagun, shi kuwa na hagun ya ƙi, ya riƙa fizgar karkiya, daga baya ya kwanta a tsakiyar gona. Masu shanu kuwa kowa na fama da tasa huɗar. Ramalan ya ɗauki fartanya da karkatacciyar ƙafarsa. Bai zagi ƙanen nasa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Da ka gaya min, da gayaunata na jinginar na karɓo shi." Shekarar nan rumbunsu bai kai rabi ba. Da kaka aka raba gandu, matar ƙanen ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu.

Kuna tsammanin ya daina? Kwanan baya na gan shi a tashar Rano, ya rame, yana dako. Ya taso da sauri, na ce yau dai zan ji labari mai daɗi. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Malam, jiya wasa ɗaya ne ya hana."

Ya 'yan uwa, ba a banza Allah ya haɗa caca da giya ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan ba. Mai caca ba kuɗi yake nema ba, da kuɗi ne, da ya sauka a Rano ya kama igiyar sansa. Wanda bai fara ba, kada ya ɗanɗana. Wanda ya fara, ya yafe abin da aka cinye masa, don bin sawunsa ne zai cinye saura. Ya faɗa wa ɗan'uwansa gaskiya yau, tun san yana turke. Ku kuma 'yan uwansa, ku riƙe shi, kada ku bar shi da rantsuwa kawai.

Allah ya shirye shi, ya ba Ramalan ladan haƙuri. Mu da zuriyarmu, Allah ya kiyaye mu.